Yadda Ake Zaɓen Abin Hawan da Zai Ja Ɗakin Kaji Mai Taya a Gona Mai Gargada

Mai kiwon da ya gaji da tsare kaji wuri ɗaya, ya ƙera musu ɗaki mai taya don ya riƙa matsar da su zuwa sabuwar ciyawa, tambayar farko da yakan yi wa mai sayar da inji ita ce: "Ƙarfin doki nawa ne?" Ni ma da ita na fara, sai daga baya na gane a duk tambayoyin da zan yi babu wadda ta kai ta rashin amfani. Ɗakin kaji ba gudu ake yi da shi ba. Tafiya ce irin ta mai ƙafa, kilomita 3 ko 4 a awa, a yi mita 40 a tsaya. Inji kusan kowane iri zai iya wannan. Abin da ke ba mutane kunya biyu ne: tayar da ke murzawa a wuri ɗaya a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, da ɗakin da ya fi mai jansa nauyi, wanda da an kama gangare sai ya zama shi ke tuƙin.

Wannan salon kiwo ya yi suna ta hannun manoma irin su Joel Salatin na gonar Polyface a jihar Bajiniya ta Amurka, wanda ke bin sawun shanunsa da ɗakin kaji bayan kwana 3 ko 4, kajin su tone kashin shanun su cinye tsutsar ƙuda. Amfanin abin duk a yawan matsawar yake. Ranar da jan ɗakin ya zama aikin da gabanka ke faɗuwa in ka tuna shi, za ka fara ɗagawa: gobe, jibi, bari ƙasa ta sha iska. Kafin ka farga ɗakin ya yi sati uku a wuri ɗaya, kashi ya ƙone ciyawar, an koma 'yar gidan jiya. Saboda haka abin hawan da kake nema shi ne wanda zai sa matsawar ta zama aikin minti goma ga mutum ɗaya, ko da ranar ba ta yi kyau ba.

Mataki na 1: Ka san nauyin ɗakin ranar da yake cike

Kada ka dogara da bakin wanda ya ƙera shi. Mai walda zai ce maka bai wuce kilo 600 ba, kuma ba ƙarya yake nufi ba, ƙarfen da ya yanka kawai ya ƙirga. Bayan shi an ɗora rufi, akwatunan ƙwai, sandunan kwana, tankin ruwa, batir da farantin sola. Idan akwai sikelin manyan motoci a kusa, ka kai ɗakin can. Idan babu, sikelin auna buhuna ma zai yi: ka ɗaga taya ɗaya da jak ka sauke ta a kan sikelin, sauran tayoyin ka ɗora su a kan katako mai tsayi ɗaya da sikelin don ɗakin ya zauna daidai, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka auna har da sandar ja, sannan ka haɗa.

Sai kuma mazauna ɗakin da kayansu. Kazar ƙwai ta kai kusan kilo 2. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif. Kowace kaza tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, wato kaji 300 na tashi da kusan kilo 35 kullum. Mu ɗauki misalin da za mu riƙe har ƙarshe: ɗaki wayam kilo 900, kaji 300 kilo 600, ruwa lita 200, abincin kwana uku kilo 100. Ya zama kilo 1,800. Ka ga nauyin ya ninka ba tare da ka ƙara ƙarfe ko ɗaya ba. Idan ƙasan ɗakin katako ne ba raga ba, kashin da ke taruwa ma kaya ne.

In kana da niyyar ƙara kaji baɗi, ɗakin baɗi za ka yi wa lissafi.

Mataki na 2: Ka taka gonar da ƙafarka, washegarin ruwan sama

Gona a lokacin rani maƙaryaciya ce. Ka jira a yi ruwa mai ƙarfi, washegari da sassafe ka sa takalmin roba ka bi duk hanyar da ɗakin zai bi a shekara. Inda dugaduganka suka nutse, tayar ɗakin za ta nutse fiye da haka. Ka kafa sanda a wurin.

Tudu kuma auna shi ake yi, ido ba ya faɗin gaskiya a kansa. Ka samo katako madaidaici mai mita 1 da ma'aunin saiti na magina, mai ɗigon nan a cikin gilashi. Ka ɗora kan katakon ɗaya a ƙasa ta ɓangaren tudu, ka ɗaga ɗaya kan har ɗigon ya tsaya a tsakiya, ka auna tazarar da ke tsakaninsa da ƙasa. Santimita 10 na nufin gangaren kashi 10 cikin 100. A ido wannan ɗan tudu ne da yaro zai haye da gudu. A lissafi, nan gaba kaɗan za ka ga abin da yake yi. Ka nemi wuri mafi tsauri, ba matsakaici ba, domin shi zai yanke hukunci.

Ka lura da inda dole ɗakin ya bi gangare a gicciye. Ɗakin kaji dogo ne, kajin kuma a sama suke kwana, tankin ruwa ma sau da yawa a sama ake ɗaure shi don ruwan ya gangaro. Duk nauyin yana can ƙoli. Idan tazarar tayoyin hagu da dama mita 2.4 ce, tayar ɓangaren kwari ta faɗa rami mai zurfin santimita 25, ka ƙara wa karkatar kusan kashi 10 a take, a kan wadda ƙasar ta riga ta ba ka. Ramin ɓera, kututturen da ciyawa ta rufe, tsoffin kunyoyi, magudanar ruwa: duk ka san inda suke. Dogon ɗaki yakan dafa cikinsa a ƙasa idan ya zo tsallaka tudun kunya ko bakin kwalbati, tayoyin su rataye.

Ka auna faɗin ƙofar shinge, ka kuma duba ko akwai filin da za a yi kwana bayan an shiga. Mutane da yawa sun sayi abin da ya ja ɗakin lafiya lau amma ya kasa juyawa da shi a lungun gona.

Mataki na 3: Lissafin da zai raba gardama

A nan ya kamata ka zauna da biro, domin shi ne zuciyar zancen. Alƙaluman kimantawa ne irin na masu aikin gona, amma sun isa su hana ka asara.

Da farko, jan da ƙasa ke nema. A kan busasshiyar ciyawa mai tauri, ɗaki mai taya yana buƙatar ja na kusan kashi 8 cikin 100 na nauyinsa. Ɗakinmu mai kilo 1,800 ke nan yana neman ja na kusan kilo 150. A ƙasa mai laushi, ko yashi, ko caɓi, abin yakan haura kashi 20, wato kilo 360.

Na biyu, tudu. Kowane kashi 1 na hawa yana ƙara kashi 1 na nauyin. Tudun nan na kashi 10 ya ƙara kilo 180. A ranar rani: 150 da 180, kilo 330. A ranar caɓi: 360 da 180, kilo 540.

Yanzu ka ga abin mamakin. Jan kilo 540 a gudun kilomita 4 a awa bai wuce aikin ƙarfin doki 8 ba. Takwas. Injin da ake tallata maka yana da 30 ko 40. Ashe ba inji ne matsalar ba.

Matsalar ita ce ta uku: riƙon ƙasa. Komai girman inji, abin hawa ba zai ja fiye da kusan rabin nauyin da ke danne tayoyin da injin ke juyawa ba, a busasshiyar ƙasa. A jiƙaƙƙiyar ciyawa abin yakan sauko zuwa kashi ɗaya cikin uku, ko ƙasa da haka. Babur mai ƙafa huɗu mai kilo 300, da mahayi mai kilo 80, riƙonsa kusan kilo 190 ne. A fili shimfiɗaɗɗe, ranar rani, zai motsa ɗakin da ke neman 150, kuma wannan ne ke yaudarar mutane. Su gani da idonsu ya ja, su biya kuɗi. A gindin tudu, inda ake neman 330, sai ya tsaya yana tonon rami da tayoyinsa.

Tsayawa a hawa ma da sauƙi, kunya ce kawai. Saukowa ce ke raunata mutum. Na taɓa gangarowa da ɗaki mai nauyi irin wannan a bayan babur mai ƙafa huɗu, da asuba, raɓa ba ta tashi ba. Tankin ruwan rabi ne. Na ɗan taɓa birki, na ji ruwan ya kwaso gaba ya daki bangon tankin, sandar ja ta tunkuɗo babur ɗin ta baya. Tayoyi huɗu duk a daskare suke amma muna tafiya. Bayan babur ɗin ya fara zamewa gefe, a hankali, kamar ana buɗe ƙofa, har na juya ina kallon gefen ɗakin kusa da gwiwata. Wani tulin ƙasa ne ya tare tayar ɗakin. Da na buɗe ƙofa, kajin sun taru jingim a kusurwar gaba, wasu a kan wasu, biyu na ƙasa sun riga sun mutu. Ƙwai bai koma yadda yake ba sai bayan kwanaki.

Ga lissafin abin da ya faru. A gangaren kashi 15, ɗaki mai kilo 1,800 yana turowa da kilo 270. Ƙasa mai tauri ta rage masa kamar 150, saura 120. Riƙon babur ɗin a kan raɓa bai fi kilo 125 ba, kuma a cikin wannan ɗin zai riƙe kansa ma. Birkinsa lafiyarsa ƙalau, ƙasar ce ta ƙi riƙe shi. Hukumar kula da lafiya da kariyar ma'aikata ta Birtaniya tana ba da shawarar cewa, a shimfiɗaɗɗen fili, tirelar da ba ta da birki kada ta wuce ninki biyu na nauyin babur ɗin, mai birki kuma kada ta wuce ninki huɗu, sannan a rage idan akwai gangare ko gargada. Ni a gonar da ke da tudu na fi wannan tsoro: ɗakin da ba shi da birkinsa, ina son mai jansa ya kusa kai shi nauyi.

Abu ɗaya kuma da lissafin bai nuna ba: tashin farko. Ɗakin da ya kwana huɗu a wuri ɗaya, tayoyinsa sun zauna cikin ƙasa, fizgo shi daga wannan gurbin yakan nemi ninkin jan tafiya.

Mataki na 4: Ka dubi ƙafafun ɗakin kansa

Wani lokacin gyaran ba a abin hawa yake ba. Ɗakin da ke silalewa a kan dogayen katakai ko ƙarfe, babu taya, yana neman ja na kusan rabin nauyinsa. Mai kilo 1,000 aikin tarakta ne, babu zancen wani abu. Ladansa ɗaya: ba ya gudu a gangare, kana tsayawa ya tsaya.

Mai taya biyu a tsakiya, irin na amalanke, yana sauke wani ɓangare na nauyinsa a kan mahaɗi. Wannan shi ake nufi da nauyin hanci, kuma ana so ya zama kashi 10 zuwa 15 na jimla. Ga tarakta alheri ne, yana danne tayoyin baya su ƙara riƙo. Ga babur mai ƙafa huɗu bala'i ne, domin wasunsu littafin kamfani bai yarda a ɗora musu fiye da kilo 14 a mahaɗi ba, alhali hancin ɗakinmu kilo 200 ne. Kuma kaya ne mai rai: kajin na iya tsorata su kwashe baya, hancin ya yi sama ya ɗage bayan abin hawan.

Mai taya huɗu, wanda na gaban ke juyawa da sandar ja, yana ɗauke da nauyinsa da kansa, ya fi zama daram. Amma yin ribas da shi sai gwani, kuma ba ya taimaka wa mai jansa da danni ko kaɗan.

Kowanne ne, faffaɗar taya mai tsayi ta fi siririya ƙarama nesa ba kusa ba. Canza tayoyin ɗakin sau da yawa yana rage jan fiye da yadda ƙarin kuɗin inji zai yi.

Mataki na 5: Ka jera 'yan takara, ka fara korar waɗanda ba su isa ba

Idan ɗakin ƙarami ne, na kaji 30 ko 50, wataƙila ba ka buƙatar inji sam. 'Yar kura mai taya biyu da ake cusawa ƙarƙashin gefe ɗaya, da igiya a ɗaya gefen, sun isa. Injin yankan ciyawa da ake hawa ka cire shi daga lissafi in ba ɗan ƙaramin ɗaki ba ne a fili shimfiɗaɗɗe kamar tabarma. Akwatin giyarsa ba don ja aka yi shi ba, zafi zai yi ya mutu.

Babur mai ƙafa huɗu, wanda a takardun masu sayarwa za ka ga an rubuta ATV, yana da abin so. Iskar tayarsa kaɗan ce, in aka sa geji psi 4 ko 5 za a gani, saboda haka ba ya yanka ciyawa ko barin sawu mai zurfi. Yana shiga lungu, kana ganin komai a kewayenka. Yawancin na aikin gona kamfani ya ƙayyade musu jan kilo 350 zuwa 700 ko kusa da haka, a kan ƙasa mai kyau. Ga ɗakin kaji 100 a gona marar tudu sosai, ya dace. Fiye da haka, ka riga ka ji labarina.

'Yar motar gona mai kujera biyu da bodi a baya, irin su Kawasaki Mule, Polaris Ranger, John Deere Gator da Kubota RTV, ita ce a ganina ta fi dacewa da matsakaicin mai kiwo. Nauyinta ya ninka na babur ko ya fi, tana da ƙarfen kariya a sama da bel ɗin kujera, ga bodin da zai ɗauki buhunan abinci da kiret ɗin ƙwai, wanda shi ne aikin kullum ma fiye da ja. Buhunan da ke bodin kuma suna ƙara mata riƙo. Da direba da kaya ta kai kilo 1,000, riƙonta a rani ya kai kusan 500. Amma ka karanta littafinta: akwai mai jan ƙasa da kilo 600, akwai mai haura 1,100. Ɗakinmu mai 1,800 ya fi ƙarfin yawancinsu. Akwai masu aiki da batir yanzu, shirunsu kuma ba ƙaramin abu ba ne a wurin kaji.

A-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu, in kana da ita dama, ka gwada ta kafin ka sayi komai. Toyota Hilux ta kai kusan tan 2, nauyi ba matsalarta ba ne. Sai dai ka lura da alƙalumman: kilo 3,500 ɗin da ake yi mata kirari da shi na tirela mai birki ne, marar birki 750 ne. Wannan 750 ɗin shi ne kuma iyakar doka a Turai ga tirelar da za ta hau titi ba birki. In ɗakinka zai taɓa hawa titin jama'a, ka bincika dokar ƙasarka. Aibinta a gona uku ne: tayar titi mai iska da yawa tana yanka jiƙaƙƙiyar ƙasa, kwanarta tana cin fili, kuma daga kujerar direba ba ka ganin kazar da ta shige ƙarƙashi. Mai ja da ƙafar baya kawai kuwa, bodi wayam, ko a kan raɓa sai ta kafe.

Ƙaramar tarakta mai ƙarfin doki 25 zuwa 40, mai ja da ƙafa huɗu, don irin wannan aikin aka halicce ta. Nauyinta daga tan 1 zuwa tan ɗaya da rabi, tana da giyar rarrafe, tana da makullin da ke sa tayoyin baya su juya tare idan ɗaya ta fara murzawa, kuma in tana da cebur a gaba za ta ɗauki tankin ruwa da abinci. Ga ɗakin da ya haura tan ɗaya da rabi a gona mai tudu, ban san wata amsa ba bayan ita. Har ita ma, a ranar caɓi sai ta yi da gaske, kuma tayarta mai manyan haƙora tana farfasa ciyawa idan aka yi kwana da ƙarfi. Tsohuwa mai ja da baya kawai tana yin aikin idan tana da nauyi, amma kada ka sayi wadda ba ta da ƙarfen kariya a saman kujera.

Wanda ke da shanun aiki, su ma ba abin rainawa ba ne: ba sa kafewa, ba sa firgita kaji. Amma dole sandar ja ta zama mai tauri ba sarƙa ba, in ba haka ba ɗakin zai hau musu ƙafa a gangare.

Mataki na 6: Giyar da ta iya rarrafe

Ka tambayi abu ɗaya: yaya yake tafiya a mafi ƙarancin gudunsa, da kaya? Kaji ba sa son fizga. Yawancin babura masu ƙafa huɗu da 'yan motocin gona da bel suke aiki a maimakon giyar haƙora, kuma rarrafe da kaya mai nauyi a babbar giya shi ne hanya mafi sauri ta ƙona bel ɗin. Za ka ji warin roba kafin ka ga hayaƙi. Dole ya kasance yana da giyar ƙarfi, kuma a cikinta za ka riƙa ja. Na giyar hannu da ba shi da giyar ƙarfi, kuloci za ka riƙa dannawa rabi-rabi har ya ƙare. Mafi daɗi a wannan aikin shi ne mai tafiya da matsin mai, wanda kake taka feda a hankali ya motsa kamar kunkuru, ka saki ya tsaya cak. Yawancin ƙananan taraktocin zamani da Kubota RTV haka suke. Ka kuma gwada ko injin yana riƙe abin hawan a gangare idan ka ɗage ƙafa daga totur, domin wasu masu bel suna sakin kansu su tafi sakaka.

Mataki na 7: Mahaɗi

Ƙaramin ƙarfe ne, amma shi ke kashe mutane. A tarakta, ja daga sandar da kamfani ya tanada a ƙasan sandar tayoyin baya kawai ake yi. Wanda ya ɗaura sarƙa a sama da nan, ɗakin ya cije, gaban taraktar zai tashi, kuma cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya ta wuce inda za a iya dawo da ita. Ƙafa ba ta kai kuloci a wannan lokacin.

Akwai sha'awar ɗaura ƙwallon ja a kan hannayen ɗaga garma na bayan tarakta, don mutum ya ɗauki hancin ɗakin ba tare da ya sauko ba. Yana da daɗi, amma hannayen nan ɗagawa suka iya, ba sa dannewa ƙasa. Idan hancin ya yi sauƙi ko ɗakin ya turo, za su yi sama. In za ka yi haka, sai da ƙarfen da ke kulle su.

Ƙwallon ja kuma ba girma ɗaya ba ne. Na Turai milimita 50 ne, na Amurka akwai mai inci 2, akwai mai inci 1 da 7/8, wato kusan milimita 47.6. Bakin milimita 50 zai zauna a kan wannan ƙaramin ya yi kamar ya kulle, a rami na farko ya fice. A gona mai gargada, mahaɗi mai juyawa ya fi, ta yadda in ɗakin ya kife ba zai kwashe abin hawan tare da kai ba. In ƙusa ce, ta zama ta ainihi mai makari a ƙasa, ba guntun rodi ba, kuma a bar mata ɗan wasa don kada ta cije ta karye a kan kunya. Sarƙar tsaro biyu a gicciye ƙarƙashin sandar ja.

Mataki na 8: Gwaji kafin biya

Gani ya kori ji. Ka nemi a kawo abin hawan gonarka, ko ka ɗauki hayar irinsa na yini ɗaya. Kada ka gwada da kaji. Ka cika ɗakin da buhunan ƙasa ko jarkokin ruwa daidai nauyinsu, ka ɗora wasu a kan sandunan kwana don nauyin ya hau sama yadda yake a zahiri. Ka je wurin da ka kafa sanda. Ka tsaya a tsakiyar hawa, ka ja birkin hannu, ka ga ko zai riƙe, sannan ka tashi daga nan. Ka gangaro a giyar ƙarfi, da wani a gefe, ba a gaba ba, riƙe da waigi. Ka yi ribas ka haɗa mahaɗin kai kaɗai, domin yawancin ranaku kai kaɗai ne.

In na hannu ne, ka leƙa inda mahaɗin ya kama jikin firam ko akwai tsagewa ko sabuwar walda, ka tabbatar ja da ƙafa huɗun yana shiga da gaske, ka kuma tambayi bakaniken da zai riƙa duba maka shi ko kayan gyaransa na samuwa. Injin da zai kwanta wata guda yana jiran bel, ɗakin kajinka ma ya kwanta ke nan. Abin hawan aro ko na haya da ya fito daga wata gonar kaji, ka wanke tayoyinsa da ƙarƙashinsa, ka fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ya shigo. Murar tsuntsaye a jikin laka take yawo.

Ranar ja na farko da kaji a ciki, ka yi shi da asuba kafin a buɗe musu, ko da dare bayan sun hau sanda. Ka kwashe ƙwai tun jiya. Tankin ruwa ya zama wayam ko cike fal, kada rabi. Ka tsuguna ka haska ƙarƙashin ɗakin da tocila, domin ba a rasa kaza ɗaya da ta kwana a waje kusa da taya. Kada ka bar inji yana aiki salansa na hura musu hayaƙi yayin da kake kwance shinge. In ka isa, ka sa waigi kafin ka cire mahaɗi, ka daidaita ɗakin da jak don ƙwai ya gangara inda ya kamata, ruwa kuma ya kai ƙarshen bututu. Mita biyun ƙarshe, ka shimfiɗa faffaɗan katako a gaban kowace taya, ka hau da ɗakin a kai, a nan zai kwana.